Karawa bakwai a wata biyu: yadda na raka Auta hawan tsanin sumo

Takardar ta iso a makon farko na watan Mayun 2017, a ninke cikin doguwar ambulan. Ina ɗakina a bene ina fama da aikin makaranta, sai na ji Kaka tana ƙwanƙwasa silin da sandar shara, alamarmu ke nan idan tana nemana. Na sauko na same ta durƙushe a kan tabarma, ta baje wata farar takarda da ba ta kai rabin sallaya ba, baƙin rubutu ya cika ta maƙil, ga gilashin ƙara girman rubutu a hannunta.

"Kai da idonka ke da sauran ƙarfi, zo ka nemo mini yaron nan," in ji ta.

Banzuke ke nan, takardar da ke jera kowane ɗan sumo, kokawar gargajiyar Japan, a matsayinsa, tun daga sarkin fage har zuwa wanda ya shigo jiya. Alƙalan wasa ne ke rubuta ta da hannu, a kan babbar takarda, sannan a rage girmanta wajen bugawa, a fito da ita, yawanci kwana 13 kafin gasa. Sunayen da ke sama ɓaro-ɓaro suke, ko daga ƙofar ɗaki za ka karanta su. Kana sauka rubutun yana tsukewa, har ka isa layin ƙasa inda ya koma kamar sawun tururuwa. 'Yan sumo kansu suna yi wa wannan layi laƙabi da mushimegane, wato gilashin nan da ke hannun Kaka. Ni a lokacin haruffan Japan ba su zauna mini ba, sai ta rubuta mini sunan da manyan baƙaƙe a bayan ambulan, na riƙa bin layin ɗaya bayan ɗaya ina gwadawa. Mun yi kusan minti ashirin. Da na ɗora farce a kansa, ta sunkuya ta duba, ta sake dubawa, ba ta ce komai ba, ta tashi ta ɗora ruwan shayi.

Karatu ne ya kai ni Tokiyo a 2016, na kama haya a gidanta, a unguwar da ba ta da nisa da Ryogoku, cibiyar sumo. Kaka nake ce mata don haka jikokinta ke kiranta da harshensu. Ƙaramin cikinsu, wanda zan kira Auta a nan, ya taso a arewacin ƙasar, yana zuwa hutu wurinta, yana kirana da abin da a Hausa sai dai a ce Yaya. Ni kuma na taso a gidan da mahaifinmu ba ya barin kokawar kaka ta wuce shi, har rediyon Nijar yake kamawa lokacin gasar takobi. Shi ya sa da aka ce Auta zai shiga sumo da zarar ya gama ƙaramar sakandare yana ɗan shekara 15, na ɗauka na san abin da ake nufi: yaro mai ƙarfi ya fito fage, ya kayar da na gabansa, sunansa ya tashi. Ashe a can ƙarfi kaɗai ba ya kai mutum ko'ina sai ya bi layi.

Matakin farko awo ne. A lokacin sai yaro ya kai tsawon santimita 167 da nauyin kilo 67, ana ɗan sassauta wa masu fitowa daga makaranta a watan Maris, kuma kada ya kai shekara 23. Auta ya wuce wannan ba wahala. Kaka ta ba ni labarin Mainoumi, wanda a 1990, lokacin da sharaɗin ya fi haka tsauri, sai da aka cusa masa silikon a ƙarƙashin fatar kai don ya cika tsawon da ake nema, kuma daga baya ya zama gwanin da ƙasar duka ke so. Bayan awo sai gwajin lafiya, sai abin da suke kira maezumo, 'yar karawar sababbin shiga wadda ba a ma sa ta a takarda. Saboda ita muka hau jirgin ƙasa mai gudun tsiya zuwa Osaka, ni ke riƙe da jaka, Kaka na riƙe da hannuna.

A wannan gasa ta Maris ba wanda ke zancen yara. Kisenosato ne a bakin kowa, ɗan Japan na farko da aka naɗa yokozuna, wato sarkin fage, tun 1998, ga shi kuma ya ji mummunan rauni a kafaɗa ana dab da gamawa, ya dage ya ci kofin a karon raba gardama da Terunofuji. Mu namu bikin bai kai minti biyar ba. Aka jero sababbin shiga a kan fage, kowa sanye da ƙayataccen banten ado na aro, na maigidansa ko na wani babba a gidansu, alƙalin wasa ya gabatar da su, suka rusuna gabas da yamma, kudu da arewa, suka sauka. Na Auta ya yi masa yawa, yana tafiya yana tattare shi kamar yaron da ya ari babbar rigar babansa ranar Sallah.

Daga nan sai zaman gidan horo. Kowane ɗan sumo yana ƙarƙashin wani gida ne, mai maigida, wanda tsohon ɗan kokawa ne, da uwargida mai kula da komai. A can zai ci, a can zai kwana, ɗaki ɗaya da sauran ƙanana, kuma ba a canza gida don an gaji da shi. Wata shidan farko kuma yana zuwa makarantar da ke cikin Kokugikan, babban zauren sumo na Tokiyo, inda ake koya musu tushen kokawar da safe, sannan tarihin sumo, rubutun hannu, sanin jikin ɗan Adam, har da waƙa.

Sau ɗaya aka ba mu izinin zuwa kallon atisayen safe, kuma ya ishe ni. Mun isa ƙarfe shida da rabi muka tarar ƙananan sun daɗe da farawa, ba wanda ya sa ko ruwan shayi a cikinsa. Aka nuna mana dakalin katako, aka ce kada mu yi magana, kada mu miƙe ƙafa wajen fage. Ba ka jin komai sai numfashi, da dukan ƙafa a ƙasa, da tafin hannun wani da ke bugun ginshiƙi a kusurwa. Can wajen ƙarshe wani ƙato ya tsaya a tsakiya ya buɗe ƙirji, aka kira Auta. Aikinsa ya rugo ya daki ƙirjin nan da kai, ya tura mutumin har bakin da'ira. Na farko ya tura. Na biyu ya tura. A na huɗu ƙafafunsa suka ƙi, ƙaton ya kama ƙeyarsa ya mirgina shi a ƙasa, ya ce tashi. Ya tashi, yashi ya manne masa a baya da fuska, majina da yawu sun haɗu, yana wani irin kuka da ba hawaye. Aka sake. Aka kuma sakewa. Da aka sallame shi sai ya rusuna ya ce "gottsan desu", godiyar 'yan sumo, sannan ya ɗauki tsintsiya ya shiga share fagen. Na saci kallon Kaka, na ga ta ƙura wa bango ido, yatsunta sun nutse cikin jakarta.

Ba zan yi wa abin kwalliya ba. Tsakanin horo da zalunci a gidajen nan tazarar ba ta da yawa, kuma an sha tsallake ta. A 2007 wani yaro ɗan shekara 17 ya mutu bayan dukan da aka yi masa a gidan horo, maigidan ya ƙare a kurkuku. A ƙarshen shekarar da Auta ya shiga ma, yokozuna Harumafuji ya ajiye kokawa saboda ya fasa wa wani na ƙasa da shi kai. Duk lokacin da irin wannan labari ya fito a talabijin, Kaka kan rage murya ta shiga kicin.

Abinci ma da layinsa. Bayan atisaye manya ke fara wanka, su fara zama gaban tukunyar canko, romon nama ko kifi da ganye da ake ci da shinkafa kwano bayan kwano. Ƙananan na tsaye a bayansu suna ƙara musu shinkafa, sai abin da ya rage su samu. Lokacin gasa sun fi son kaza, wai don a kan ƙafa biyu take tsayawa, dabba mai ƙafa huɗu kuwa kamar wanda ya dafa ƙasa ne, wato ya sha kaye. Da uwargida ta ji ni Musulmi ne sai ta sa aka gasa mini kifi daban, yaran kuma suka yi ta tambayata ko ni ma ina azumi kamar Osunaarashi, Bamisiren nan da ya zama ɗan Afirka na farko da ya kai rukunin manya, wanda ya yi kokawa a Nagoya cikin zafin Yuli da azumi a bakinsa.

Ga yadda tsanin yake. Rukuni shida ne: jonokuci a ƙasa, sai jonidan, sandanme, makushita, juriyo, sai makuuci a sama. Gasa shida ake yi a shekara, uku a Tokiyo, ɗaya a Osaka, ɗaya a Nagoya, ɗaya a Fukuoka, kowace kwana 15. Manya, wato 'yan juriyo da makuuci, na karawa kullum. Na ƙasa sau bakwai kawai. Ka ci huɗu ka hau, ka ci uku ka sauka, ba wani bayani. Yawanci kuma ana haɗa ka ne da wanda sakamakonku ya zo ɗaya, mai biyu da mai biyu, mai uku da mai uku, don haka kana ci abin yana ƙara tsanani. Wata rana na zauna na yi lissafi: karawa 42 a shekara, yawancinsu ba sa wuce daƙiƙa goma. Duk shan wuyar da na gani a dakalin nan, a shekara guda, ana auna ta ne da abin da bai kai minti goma ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda matsayi ke bin agogo. Ana fara gasar yini da misalin takwas da rabi na safe da 'yan jonokuci, a gama ƙarfe shida na yamma da yokozuna. A karonsa na farko a Tokiyo, sai da na yi sammako na bi layin tikitin ranar, yen dubu biyu da 'yan kai, muka shiga zauren da ke ɗaukar mutum fiye da dubu goma muka tarar da bai fi mutum hamsin ba. Alƙalin wasan yaro ne sa'ar Auta, ƙafarsa ba takalmi, rigarsa iya gwiwa. Ba watsa gishiri, ba zazzare ido, wannan na manya ne. Aka kira suna, suka tsuguna, suka haɗu. Har ƙarar haɗuwar goshinsu muka ji, da muryar wata uwa daga ɗaya gefen. Kafin in gyara zama Auta ya tura yaron waje. Kaka ta ce, "Shi ke nan? To mu je mu karya."

Ya gama da ci biyar, faɗuwa biyu. Jonidan ta riƙe shi fiye da shekara, yana hawa yana zamewa, domin rukuni ne mai faɗi, cike da yara irinsa da kuma tsofaffin hannu masu shekara talatin da wani abu waɗanda suka san duk wata dabara. A wannan lokaci ko hunturu ya kai ina, 'yar riga mai shara-shara da takalmin katako ne kayansa, ba safa. Na taɓa haɗuwa da shi a tashar jirgi cikin watan Janairu, yatsun ƙafarsa sun yi jajur, yana ɗauke da ƙunshin kayan wani babba. Na ce in ba shi rigar sanyina, ya ce, "Yaya, rufa mini asiri, in aka gan ni da ita na shiga uku." Gashinsa ya kai aka ɗaure masa tukku, daga nan in ya shigo gidan Kaka ƙamshin man kitson nan mai zaƙi sai ya kwana biyu bai bar matashin kujera ba. Ranar da ya shiga sandanme aka halatta masa takalmi mai laushi da 'yar riga ta sama. Karawarsa ta matsa zuwa wajen sha biyun rana, muka daina sammako.

Albashi kuwa babu. Daga 2019 ɗan jonokuci yen dubu 77 ake ba shi duk gasa, wato duk wata biyu, ɗan makushita dubu 165. Amma wanda ya taka juriyo, ko shi ne na ƙarshe a cikinsu, yen miliyan ɗaya da dubu ɗari yake ɗauka duk wata, ga ɗakinsa shi kaɗai, ga yaran da ke yi masa hidima, ga farin banten atisaye da na siliki ranar gasa, ga kitson da ake bajewa kamar ganye. Gurbin kuma ƙidayayye ne: 28 a juriyo, 42 a makuuci, mutum 70 ke nan cikin kusan 600. Suna da wata magana, wai wanda ya fi ka da layi ɗaya a takarda ubangidanka ne, wanda ya fi ka da rukuni guda kuwa ƙwaro yake ɗaukarka.

Auta ya leƙa makushita bai cika shekara 19 ba, har an fara cewa yaron nan da sauran tafiya. A gasarsa ta biyu a can, a bakin da'ira, wani mai nauyin kilo 170 ya faɗo masa a gwiwa. Jijiya ta tsinke, sai tiyata. A sumo ba a ajiye wa majinyaci gurbinsa; da akwai irin wannan rangwame, aka soke shi a ƙarshen 2003. Duk karawar da ba ka fito ba faɗuwa ce. Muna ji muna gani sunansa ya riƙa gangarowa, takarda bayan takarda, rubutun yana sake tsukewa, har Kaka ta koma ta zaro gilashin nan daga aljihun tebur. Da ya zo dab da faɗowa daga takardar gaba ɗaya, abin da zai mayar da shi maezumo kamar sabon shiga, sai maigidansu ya sa ya fito karawa ɗaya tak, ƙafa a naɗe, don dai sunan ya tsaya. Ya ci, ya koma jinya.

Shekarar annoba ce kuma. Gasar Maris ta 2020 ba 'yan kallo aka yi ta, ta Mayu aka soke, wani ɗan sandanme mai shekara 28 ya rasu da cutar, aka kulle yaran a gidajensu. Wata huɗu Kaka ba ta sa shi a ido ba. Wani dare ya bugo mini waya, abin da ba ya yi, ya ce yana tunanin a aske masa tukkun ya nemi aikin dafa abinci. Ban ba shi shawara ba, don ba gwiwata ba ce. Na dai tambaye shi me maigidansu ya ce. Ya ce tsohuwar maganarsu ya maimaita masa, wai atisayen yau na shekara uku masu zuwa ne. Na ce mu ma muna cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Ya yi dariya, ya ce duk tsofaffin duniya bakinsu ɗaya. A wannan bazara ne Terunofuji, wanda ciwon gwiwa da ciwon suga suka jefo daga matsayin ozeki, mai bi wa yokozuna, har jonidan, ya dawo makuuci ya ci kofi, shekara guda bayan nan aka naɗa shi yokozuna. Ban ce shi ya hana Auta tafiya ba. Na dai san bai sake tayar da zancen aski ba.

A ƙarshen 2021 na gama karatu na dawo gida. Japan na gabanmu da awa takwas, sai agogon nan ya juye mini. Lokacin da yake sake hawowa daga ƙasa, karawarsa tsakar dare take faɗowa a nan, sai dai in tashi in duba sakamako a intanet. Da ya koma makushita, inda tashar talabijin ta Japan, NHK, ke fara nunawa da misalin ɗaya na rana, sai ta koma daidai asuba. Kaka ta koyi kiran bidiyo saboda wannan. Takan saita wayar a fuskar talabijin, hannunta na rawa, rabin abin da nake gani labule ne da kwanon lemo, amma ina jin muryar mai kiran suna tar.

Ana cikin haka Onosato ya zo. Zakaran jami'a ne, don haka ba a sa shi ya fara daga ƙasa ba, a watan Mayun 2023 aka ajiye shi kai tsaye a saman makushita, wurin da Auta ya yi shekara shida yana nema. Cikin gasa 13 ya zama yokozuna, gashinsa ma bai kai a yi masa cikakken kitson manya ba lokacin da ya ci kofinsa na farko. Irin labarin da jaridu ke so ke nan, kuma yaron gwani ne, ba musu. Amma duk wanda ya ce mini haka hawan sumo yake, nakan ce masa ya je zaure da ƙarfe tara na safe ya gani.

Bara Auta ya isa layukan saman makushita, inda ake karawa bayan 'yan juriyo sun gama zagayen nuna banten adonsu, zaure ya fara cika. Ya zo karawa ta bakwai da ci uku, faɗuwa uku. Ranar na idar da sallar asuba na zauna a tsakar gida da waya, uwar 'ya'yana na hura wuta tana leƙowa. Suka haɗu, abokin karawar ya sami bantensa da hannun hagu ya tura shi har dugadugansa suka taɓa igiyar bambaro. A nan jijiyar gwiwar ta tsinke a da. Na ga ya sauke ƙugu, ya tsaya, ya tsaya, sannan ya murɗa, suka faɗi tare. Alƙalin wasa ya nuna ɓangarensa, amma wani daga cikin dattawan da ke zaune a gefe ya ɗaga hannu, su biyar suka hau fage suna shawara. Wayar Kaka ta karkace, ba abin da nake gani sai silin. Sai na ji ta ce, "Nasa ne, nasa ne," da wata murya da ban taɓa jin ta da ita ba.

Ci huɗu a wannan matsayi ba ya nufin an shiga. Sai wani ya faɗo daga cikin 28 ɗin nan ko ya yi ritaya, sannan a duba wa ke gaba. Ranar Larabar da ke bin gasa ake zaman tsara takarda, a ranar kuma ake sanar da sababbin 'yan juriyo, don su sami lokacin ɗinka banten ado. Na kwana da waya a gefen matashi. Da sanarwar ta fito sunaye biyu ne, ba nasa. Ɗaya daga cikinsu ma ya girme shi a shiga da shekara uku.

Na kira Kaka don in ba ta haƙuri, sai na tarar ita lissafi take yi. Ta ce an ɗaga shi layi biyu, kuma idan gurbi ya samu a tsakiyar gasa za a iya haɗa shi da ɗan juriyo, ranar kuwa dole a yi masa kitson manya, ko na yini ɗaya ne. Ta ce in tanadi kati a waya, kada ya yanke kamar wancan karon. Na tambaye ta ƙarfe nawa zai fito. Ta ce in dai da ɗan juriyo ne, uku saura, wato bakwai saura a wurinmu. Na ce lokacin kai yara makaranta ne. Ta ce, "To su makara."